Alkamar Babanmu

Abin da na fara gani da na shiga gida shi ne awarwaron hannun Auta. Ni na kawo mata shi tsaraba a hutun da ya wuce, kuma a lokacin sai da aka shafa sabulu kafin ya shige hannunta. Yanzu an naɗe shi da tsumma don kada ya zame ya faɗi. Tana zaune a kan tabarma a gindin bango, ƙafafunta a miƙe kamar sillen kara, cikinta kuwa tulu a gaba. Ba ta taso ta rungume ni ba. Ta dube ni, ta mayar da kanta ta jingina da bango.

Inna tana tankaɗe. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa idonta a kan rariya.

"An zo lafiya? Ya mutanen Kiru?"

"Suna gaishe ku."

Iyakar hirarmu ke nan a ranar. Ni ce 'yar fari, kuma a gidanmu ana kunyar ɗan fari sosai. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, Baba ma haka. In za a aike ni sai a ce "ke", in ana maganata sai a ce "yarinyar nan". Tun da aka yaye ni aka kai ni wurin Gwaggo, ƙanwar Baba, a Kiru, can na shiga firamare, gida sai hutu. Na san ba ƙi ba ne, domin duk ranar komawata nakan tarar da ƙuli-ƙuli a ƙasan akwatina, ba wanda zai ce shi ya sa. Amma magana ba ta haɗa mu. Tsakanina da Auta an yi biyu, ba su zauna ba. Saboda haka duk son da aka ji kunyar nuna mini, a kanta aka sauke shi. A wannan hutun na damina ina da shekara goma sha biyu, ita kuma huɗu.

Gidan ma ban gama sabawa da shi ba. Ƙauyenmu na asali yana ƙarƙashin ruwan madatsar Tiga, da gonar Baba ta gado, da rijiyarmu, da kaburburan yaran nan biyu. Bayan an tashe mu, Baba ya yi watanni yana zama a zaure, a kai masa tuwo a ɗauko shi kusan yadda aka kai. Daga baya aka ba shi fili a inda ake noman rani. Malaman gona suka kawo irin alkama, suka nuna yadda ake yin fangali da yadda ake ba da ruwa. Ya shuka, ta yi kyau.

A tsohon ƙauye alkama ba abincin kullum ba ce. Sai da biki ake ganinta, alkaki a garar amarya, ko funkaso ranar Sallah a gidan masu hali. Yanzu ga ta buhu-buhu a ɗakin Baba. Na sha ganinsa ta ƙofa ya tura hannu cikin buhu, ya ɗebo, ya bar ƙwayoyin suna zuba ta tsakanin yatsunsa. Ya fara fita, ya fara dariya da maƙwabta. Inna ta koyi tuwon alkama da dashishi da taliyar murji, har kunun safe ya koma na alkama. Gero da dawa suka zama na kwaɗayi.

A wannan tsakanin Auta ta fara zawo. An kai ta ɗakin shan magani, aka ba ta maganin tsutsar ciki har sau biyu. Zuwa na uku malamin asibitin ya duba idonta, ya matsa cikinta, ya ce alamun tamowa ne, a riƙa ba ta abinci mai kyau. Wata maƙwabciyarmu ce ta ba ni wannan labarin, ta ce da Inna ta gaya wa Baba sai ya miƙe tsaye.

"Tamowa? A gidana? Ga abinci har rufin ɗaki?"

Tun daga ranar, kullum in ya fito daga masallaci da safe sai ya biya teburin mai shayi, inda ma'aikatan ruwa suke karyawa, ya taho da burodi a naɗe cikin takarda da shayi a kwanon sha. Sai ya zauna a ƙofar ɗakinsa, ya ɗora Auta a cinya, ya gutsuri burodin, ya tsoma, ya hura, ya sa mata a baki. Ba wanda ake ba sai ita. A wurinmu shayi da burodi abincin majinyaci ne, gatan da ya fi kowane gata. Duk ranar da jikin ya ƙara tsanani, sai a ƙara girman burodin.

Mata kuma kowa da tata. Wasu suka ce shawara ce. Maƙwabciyar nan ta ce iskar ruwa ce, wai tun da aka toshe kogi mutanen ɓoye suka rasa wurin zama, suke faɗa wa yara. An yi rubutu, an yi hayaƙi.

Aikina a hutun shi ne wanke fo ɗinta. Ba wanda ya sa ni, na ga Inna ta gaji ne. Kashinta fari-fari ne, mai maiƙo, yana manne wa fo sai na sa toka na goge, warinsa kuma daban yake da na kowane yaro. Bakinta akwai ƙuraje ta ciki, gashinta ya yi ja ya yi laushi. Na lura kuma in hantsi ya yi, bayan ta ci burodin, sai ta kwanta rub da ciki, in na sa kunne in ji cikin yana ƙugi. Na ga duk wannan, amma ban haɗa shi da komai ba.

Sati biyu da zuwana Kaka, mahaifiyar Inna, ta aiko a kai mata yarinyar, akwai wani mai magani a wajensu. Muka hau mota zuwa Kwanar Dangora, muka canja wata, muka wuce Tudun Wada har duwatsun Doguwa suka fara bayyana, kore shar saboda ruwa. Auta tana bayan Inna, kanta yana lilo duk inda mota ta faɗa rami.

Kaka ce kaɗai nake iya buɗe baki a gabanta. Tana hango ni ta fara.

"A'a, ga Malama! Zo nan in duba, ko bokon ya tsiro miki da baki. Har yanzu kurma ce?"

"Kaka, ke kuma haƙoranki hutu suka tafi?"

"Ja'ira! Na ci naman da ubanki bai taɓa gani ba da su."

Tana cikin dariya Inna ta kwance goyo. Dariyar ta tsaya. Ta karɓi Auta ta ɗaga ta, kamar mai auna kaza a kasuwa, ta yi salati.

Inna ta taho mata da garin alkama tsaraba. Kaka ta shafa shi, ta yi godiya, ta ce ita tuwonsa manne mata yake a ganɗa, a ɗaure a ajiye akwai bikin da ke tafe. Saboda haka a gidan abin da Kaka ta saba ci shi muke ci: tuwon dawa da miyar kuka ko ta rama, faten acca, kunun tsamiya na gero da safe, dafaffen dankali, da nonon da matan Fulani ke kawowa.

Mai maganin ya ba da sassaƙe, a jiƙa a ba ta safe da yamma. Aka ɗora mini wannan aikin, don wai ta fi jin maganata. Jiƙon yana da ɗaci ƙwarai, na ɗanɗana. Ranar farko ta dantse haƙora, na matse hancinta kamar yadda aka nuna mini, ta shaƙe, ta yi amai, ta dube ni da idanun nan da suka yi zuru-zuru. Ban sake iyawa ba. Kullum sai in ɗauke ta mu zaga bayan rumbu, in zubar da jiƙon a gindin wani lalle, in shafa mata kaɗan a leɓe don a ji warinsa. Ina yi ina ganin in ta mutu ni ce.

Amma sai fo ya fara canjawa. Wajen kwana goma, sau biyu kawai na wanke shi a yini, kuma ruwa kaɗai ya isa. Cikin ya fara saɓewa. Wata rana muna cin faten acca ta miƙo kwanonta wajen Kaka.

"A ƙara mini."

Inna ta tashi da sauri ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba. Kafin sati na uku Auta tana bin 'yan tsaki a tsakar gida, tana faɗuwa tana tashi. Kowa yana sa wa mai magani albarka. Kaka ta aika masa da zakara. Ni kuwa na ci gaba da zagayawa bayan rumbu.

Ranar wata Juma'a Baba ya zo duba mu. Auta ta taka da ƙafarta har zaure ta tarye shi. Ina laɓe a bayan zana, na ga ya durƙusa ya riƙe ta, yana ta cewa "Alhamdu lillahi". Sai ya zuge jakarsa ya fito da burodi, babba, wanda ya sayo a Kwanar Dangora. Babu shayi a gidan Kaka, da kunu ya tsoma mata. Ta ci da yawa, don yanzu tana da cin abinci. Da yamma ta ƙara, washegari ta cinye sauran.

Kafin azahar ɗin Asabar ta kwanta rub da ciki. Zuwa la'asar na nemi toka.

Wata tsohuwa da ta shigo dubiya ta ce ai a fili yake, iskar ruwan ce ta biyo uban. Baba yana zaure, ya ji. Bai kwana na biyu ba, ya ce akwai aikin gona. Na ga lokacin da ya fita, bai ko shigo ya yi wa Auta sallama ba, yana tsoron ya kusance ta.

Kwana biyu maganar tana cina. Ruwan da take sha bai canja ba, ɗakin da take kwana bai canja ba, maganin kuwa ni na san inda yake zuwa. Abu ɗaya ne ya shigo gidan. Na sami Kaka a bakin rijiya tana regayar acca, na tsuguna kusa da ita.

"Kaka, ba iska ba ce."

"To, Malama ta zama boka. Mece ce?"

"Burodin ne. Alkama ce ba ta karɓe ta ba."

Ta yi dariya har ƙwaryar ta karkace. "Alkama? Abincin da ake kai wa sarakuna? Ke dai kishi kike, don ba a gutsura miki."

"Wallahi ba haka ba ne."

"To maganin da ya tashe ta fa?"

Na sunkuyar da kai na gaya mata. Na ce ta je ta duba gindin lalle. Na jira mari, bai zo ba. Ta ajiye ƙwaryar.

"Akwai wanda wake ke kumbura wa ciki," in ji ta. "Na san wata da kifi ke fesa wa ƙuraje. Alkama dai ban taɓa ji ba. Amma ni ma na ga yarinyar nan ranar Alhamis, na kuma gan ta ranar Asabar." Ta juyo ta dube ni. "To, wa zai gaya wa ubanki? Ni surukarsa ce, gaisuwa ma ta bayan zana muke yi."

Da yamma ta gaya wa Inna, ina tsakar gida ina jin su. Inna ba ta musa ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Iya, mutumin nan alkamar nan ce ta tashe shi tsaye. In ce masa ita ke cin 'yarsa?"

Kaka ta so a bar mata Auta har lokacin kaka ya yi. Muka ƙara sati, jikin ya fara dawowa. Sai ga saƙo daga Baba, wai gidan ya yi masa faɗi, a dawo, zai nemi malamin da zai yi masa maganin abin da ke binsa.

Da muka koma Inna ta daina sa wa Auta tuwon alkama. Takan ɗora ƙaramar tukunya daban, ta yi mata na dawa, in Baba ya tambaya ta ce kwaɗayinsa yarinyar take. Amma safiya ba a hannunta take ba. Baba ya yi wankan magani, ya ɗaura laya, ya koma ɗaukar 'yarsa a cinya. Sau ɗaya na ji Inna ta gwada.

"Malam, ko a ɗan huta da burodin nan?"

"Shi kaɗai take karɓa da daɗin rai. So kike yunwa ta ƙarasa ta?"

Ba ta ƙara ba. Ni kuma kullum ina shara a kusa da su, ina kallon yadda yake hura kowace loma, yana mata waƙar wasa a hankali. A duk yini wannan ne lokacin da fuskarsa take sakewa. Sau uku ina shirin gaya masa ina fasawa. Ban taɓa fara yi masa magana ba tun da aka haife ni. Gaisuwa ce, sai "to". Cikin sati biyu duk abin da Auta ta samu a gidan Kaka ya zube. Ta daina tafiya, ta koma gindin bango.

Ranar komawata makaranta an kwana ana ruwa. Baba ya ɗaure akwatina a gaban keke, na hau baya, muka nufi bakin titi inda ake samun mota. Hanyar duk taɓo, yana tuƙi a hankali yana kauce wa kududdufai. Ba na ganin fuskarsa, sai bayan rigarsa da wani ɗinki da Inna ta yi a kafaɗa. Ina jin da fuskarsa nake kallo da ban iya ba.

"Baba."

Keken ya ɗan yi tangaɗi. "Na'am?"

Na faɗa duka, da sauri, idona a kan ɗinkin. Na faɗi na fo, da na jiƙon da na zubar, da na ranar Juma'a. Na ce ba abin da yake binsa. Na ce alkama ce.

Ya taka burki, ya sa ƙafa a ƙasa. Bai juyo ba.

"Wato da hannuna nake ba ta ciwon."

Ya sauka, ni ma na sauka. Sauran hanyar da ƙafa muka yi ta, yana tura keken a gaba ina binsa a baya, takalmina yana cika da laka. Muka wuce filayen noman rani, ruwan sama ya kwanta a cikin fangalai. Bai dubi wajen ba.

A bakin titi ya tsayar da mota, ya miƙa akwatina sama, ya gaya wa direba inda za a sauke ni. Na shiga na zauna ta gefen taga. Na ɗauka tafiya zai yi. Sai ya matso, ya dafa ƙarfen tagar, ya dube ni a ido. Ban tuna ya taɓa yin haka ba kafin ranar. Idanunsa sun yi ja.

"To me zan ba ta? Ni ban san abin da zan ba ta ba."

Auta ta rayu. Ba ta yi tsawo ba, haƙoranta na girma sun fito da tabo, kuma ta sha fama da ƙarancin jini. Mun yi shekaru muna koyo da kuskure: cewa ko dawa ce, in aka niƙa ta a injin da ya niƙa alkama sai ta kwanta, cewa sai an ware mata turmi da rariya da muciya, cewa biskit da cincin da taliya duk abu ɗaya ne a cikinta. Ta girma tana zuwa biki da ƙunshin abincinta, ana ce mata mai iyayi. Sai da ta yi 'ya'ya wani likita ya gaya mata ciwon sananne ne, hanjinta ne ba ya jure wani abu da ke cikin alkama, kuma ba shi da magani sai ƙauracewa har ƙarshen rai. Baba bai kai ga jin wannan ba. Ya ci gaba da noman alkama don ita ce abin sayarwarsa, amma daga gona kasuwa take wucewa, kuma ban sake ganin ya tura hannu cikin buhu ba.

A ranar ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ban ma tabbata zan tarar da ita a hutu mai zuwa ba. Yaran mota suna ta buga jikin mota, direba ya tayar da inji, Baba kuma yana tsaye yana jira, kamar ni ce babba.

Na ce, "Baba, kunun gero. Don Allah ka riƙa ɗaukarta a cinya kamar kullum, kada ka daina. Ka ba ta kunun gero da hannunka, ko na kwana arba'in ne, ka gani."